Hannun da Na Hana Ya Ɗauki Ɗana

Ko zan manta komai a duniyar nan, har in manta shekaruna, ba zan manta abin da na yi wa mahaifiyata ranar sunan ɗana na fari ba. Yau shekara tara ke nan, yaron har ya fara jin kunyar in riƙe masa hannu a titi, amma duk ranar da abin ya faɗo mini sai in ji abinci ya fita raina. Ban taɓa ba kowa labarin daga farko har ƙarshe ba, domin na duba gabas na duba yamma, ban sami wanda zan ɗora wa laifin ba sai ni kaina.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Wanda ya tashi a ƙauye irin namu ya san abin da wannan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "ke" ko "yarinyar nan". Ba ta goya ni a gaban mutane ba, ba ta yi mini wasa ba, ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata. Ina ƙarama nakan yi kuka in ce Inna ba ta so na. Kakata takan yi dariya ta ce, "Rabu da ita, kunya ce ke cin ta. Bari ki girma ki haihu, ranar za ki ga son da take ɓoyewa. Ai jika ba a jin kunyarsa." Na riƙe maganar nan a raina har na girma, sai ga shi lokacin da take da amfani na yi watsi da ita.

Aure ne ya kawo ni Abuja. Muna zaune a Lugbe, ciki da falo a wani gidan haya mai mutane da yawa, mijina direba ne, ni kuma ina aikin buga takardu a wani ofishi a cikin gari. Da na sami ciki, bisa al'ada gida ya kamata in tafi in haihu a gaban iyaye, tun da haihuwar fari ce. Na ce atafau ban san wannan ba. Ni da nake awo a asibitin birni, in koma ƙauye in haihu a kan tabarma? Sai aka daidaita a kan Inna ta zo ta yi mini wankan jego a nan. A lokacin Baba bai cika shekara da rasuwa ba, kuma rabona da ita tun zaman makoki.

Na je tasha da kaina na tarbe ta, da cikina haihuwa yau ko gobe. Ta sauko daga mota da kayanta niƙi-niƙi, gero da kanwa da daddawa da man shanu a kwalba, ga wani ƙullin tsumma da ta rungume a ƙirji ba ta yarda kwandasta ya taɓa ba. Daga baya na ga majanyi ne na saƙi, fari sol, ta sa aka saƙa tun da ta ji labarin cikin. Ta miƙo hannu za ta ba ni kwalbar man shanu, sai idona ya sauka a kan hannun. Bayan hannun duka biyu ya yi faci-faci, fatar ta yi kauri ta yi duhu, samanta ɓawo fari-fari kamar an barbaɗa toka. Da mayafinta ya zame sai na ga abin ya haura har gwiwar hannu, ga shi kuma a goshi, daidai inda gashi ya fara.

Na ce, "Inna, mene ne wannan?"

Ta ce, "Kircin nan ne dai da kika sani. Tun bayan rasuwar Malam ya tashi haiƙan. Zai kwanta, haka yake yi."

Gaskiyarta ce, na san shi. Tun muna yara akwai ɗan tabo a gwiwar hannunta, ya zo ya tafi, ta shafa man kaɗe ta ci gaba da harkarta. Da hannun nan ta yi mana tuwo shekara da shekaru, babu wanda ko ƙaiƙayi ya taɓa yi a cikinmu. Da ina da hankali wannan kaɗai ya ishe ni amsa. Amma ina! Na zama 'yar birni mai waya a hannu. Muna isa gida na shige ɗaki na kama duba hotunan cututtukan fata, na ga ƙazuwa, na ga makero, na ga kuturta, kowanne na kalla sai in ga kamar shi ne. Kafin la'asar na gama yanke hukunci ni kaɗai cewa abin nan ana ɗauka, kuma ba zai taɓa mini jariri ba.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, asibitin da nake zuwa awo, ko sau ɗaya ban ce Inna zo mu je a duba ki ba. Zan faɗi dalili tun da na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya. Kunya nake ji a gan ni da ita a layi, mata suna kallon hannunta suna matsawa. Maimakon haka sai na je wurin wani mai kemis na kwatanta masa da baki. Shi ma bai ga mai ciwon ba ya haɗo ni da wani sabulu mai ƙarfi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ya ce a riƙa dirzawa sosai har ɓawon ya fita. Na kawo na ba ta. Na ware mata kwanonta da kofinta da butarta, na shimfiɗa mata katifa a falo. Ta dubi kayan ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya yi albarka."

Bayan kwana goma na haihu, namiji. Da aka sallamo mu muka dawo gida, tun daga bakin ƙofa na ji muryar Inna tana guɗa. Wallahi ban taɓa sanin ta iya guɗa ba. Matar da na sani da sunkuyar da kai, sai ga ta tana taka rawa a tsakar gida tana cewa, "Ga angona ya iso! Ga maigidana! Ina ka tsaya tun tuni ina jiranka?" Ta goge hannuwanta a zane, ta miƙo su duka biyu.

Na juya kafaɗa na kare yaron. Na ce, "Inna, bari dai hannun ya warke tukuna."

Hannuwan suka tsaya a sama na ɗan lokaci, sannan ta mayar da su cikin mayafi. Ta ce, "Haka ne. Fatar jariri ba ta da ƙwari." Ita ce ma ta nemo mini hujja.

Wanka kuwa sai na roƙi maƙwabciyarmu, wata mata Kirista 'yar Filato mai sayar da kayan masarufi a ƙofar gida, ita ta riƙa zuwa safe da yamma tana yi wa yaron. Inna takan tsaya a gefe, hannu a naɗe cikin mayafi, tana ba da umarni da baki. "Tallafe masa wuya. Gasa cibin a hankali. Miƙe masa ƙafafun, kada ya yi gwame." Wani lokaci sai in ga jikinta ya karkata gaba kamar za ta kai hannu, sai ta tuna ta ja da baya. Rana ta uku matar nan ta ja ni waje ta ce, "Maman yaro, wannan abu na Mama ba ya kama mutum fa. Kawuna yana da shi tun muna yara, kwano ɗaya muke ci da shi, ba wanda ya samu. Ki bar Mama ta ɗauki jikanta, ba kyau."

Na ce, "Madam, kawunki daban, jariri daban. Ke likita ce?"

Ta ce, "Ni ba likita ba ne, amma ina da ido." Ta koma shagonta.

Mijina ma ya yi magana sau ɗaya. Shi mai kunyar suruka ne, ko falon ba ya iya zama in tana nan. Ya ce, "Anya abin nan da kike yi daidai ne? Mahaifiyarki ce fa." Na hayayyaƙo masa, na ce in yaron ya kamu shi zai yi jinya? Ya san bakina, sai ya ɗauki makullin mota ya fita.

Ga kuma inda rashin kunyata ta kai. Hannun da na ce bai isa ya taɓa ɗana ba, shi ne yake faskara itace ya dafa mini ruwan wanka da ganyen darbejiya tun da sassafe. Shi ne yake dama mini kunun kanwa, ina sha har da lashe baki, sai dai na ce ta riƙa amfani da ludayi mai dogon hannu. Shi ne yake wanke tsumman kashin yaron a ruwan omo, in dai za a shanya a rana a goge da dutsen guga. Hannun ya isa ya wanke kashin ɗana, bai isa ya taɓa ɗana ba. A lokacin ko kaɗan ban ga wani abin mamaki a cikin wannan tsari ba.

Ana gobe suna, na fito da safe zan zagaya, sai na hango ta a bayan gida kusa da tankin ruwa, a tsugune. Ta zuba ruwan maganin nan a roba, ta riƙe dutsen goge kaushi tana dirzar bayan hannunta. Ɓawon yana fita, ƙarƙashinsa jajir, jini yana tsattsafowa ɗigo-ɗigo. Ta cije leɓe, idonta ya kawo ruwa saboda zafi. Da ta gan ni sai ta yi murmushi ta ɗago hannun ta ce, "Kin gani, ya kusa. Zuwa gobe zai yi sumul. In na sa lalle ba mai ganewa."

Kun san abin da na ce mata? Na ce, "Yauwa Inna, ki dage." Ni da bakina na faɗa, na wuce na bar ta tana dirza.

Ranar suna da safe maza suka raɗa suna aka yanka rago, da rana gida ya cika da mata. Dangin mijina sun zo daga Karshi da Jiwa, ga 'yan ofishinmu, ga matan unguwa. Ina zaune a bakin gado na sha kwalliya, yaro yana yawo daga hannu zuwa hannu kamar yadda aka saba, kowa ta ɗauka ta yi addu'a ta miƙa wa ta kusa. Matan da ban taɓa gani ba sun ɗauke shi, har da wadda take ta tari. Inna tana can lungu kusa da ƙofa, ta sa atamfar da na ɗinka mata, hannu a cikin mayafi, idonta yana bin yaron duk inda ya je.

Sai ya iso hannun gwaggon mijina, wata dattijuwa mai barkwanci. Ta ɗaga murya ta ce, "Wai ina kakar ne? Mu muna ta rungumar mijin mutane, mai shi tana lungu! Taso, ga angonki." Mata suka sa dariya. Gwaggon ta miƙe da kanta ta nufi Inna da shi.

Na ga Inna ta dube ni. Sannan a hankali ta fito da hannuwan. Ta sa lalle har wuyan hannu, amma lallen bai rufe komai ba. Hannun ya kumbura, ya tsattsage, inda ta dirza ya yi ɗanye. Ta buɗe su, saura ƙiris su taɓa zanen da aka naɗe yaron.

Ban san lokacin da na diro daga gadon ba, ni da ko tafiya da ƙyar nake yi. Na ce, "Kar ki ba ta! Gwaggo, kar ki ba ta, ba ki ga hannunta ba ne?" Na fizge shi har ya tsorata ya tsala kuka.

Duk idon da ke wurin ya koma kan hannun Inna, har waɗanda da ba su lura ba. Wata da ke zaune kusa da ita ta janye zanenta. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Innalillahi! Ke 'yar nan, uwarki ce fa!"

Inna ce ta kashe maganar. Ta mayar da hannunta cikin mayafi ta ce, "Ku bar ta, gaskiyarta. Ɗa na uwarsa ne. Ni na ɗauke shi da ido." Sannan ta leƙo fuskar yaron daga inda take ta ce, "Ango, ka ga an hana ni kai. Ba komai. Ina nan ina jira ka yi ƙafa ka zo da kanka." Ta yi 'yar dariya don mutane su saki jiki, ta fita waje ta kama wanke tukwanen suna.

Da wata uwar ce, da washegari za ta haɗa kayanta. Inna ba ta tafi ba, sai da ta cika mini kwana arba'in cif, ba ta fasa dafa ruwa ko sau ɗaya ba. Ba ta fasa dirzar hannun ba kuma, ni ma ban hana ta ba. Abin da na lura shi ne, duk inda ta dirza, bayan 'yan kwanaki sai sabon faci ya fito a wurin, har inda da lafiya lau yake. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ce a raina, ka gani ko, yaɗuwa yake yi, Allah ya so ni da na hana.

Ranar da za ta koma na raka ta tasha da yaron a bayana. Mota ta kusa cika, ta kwance ƙullin nan ta fito da majanyin. Ta ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "Ke, bayana lafiya lau yake, babu komai a wurin. Ki ɗora mini shi ko na minti ɗaya, ke ki ɗaure da hannunki. Ni ba zan taɓa shi ba." Tun da nake da ita ba ta taɓa roƙona komai ba sai ranar.

Na ce, "Inna, barci yake yi, in aka motsa shi zai tashi. In mun zo da Sallah, lokacin hannun ya warke, sai ki goya shi har ki gaji."

Ta ce, "To, Allah ya kai mu." Ta ba ni majanyin ta shiga mota.

Sallah ƙarama ta zo ban je ba, na ce aiki. Babba ta zo na ce yaro yana haƙori. Gaskiyar ita ce nakan tambayi ƙanwata a waya yaya hannun Inna, in ta ce yana nan, sai in nemo wani dalilin. Yaron yana da wata goma sha uku aka kira ni da hantsi ina ofis, aka ce Inna ta faɗi a tsakar gida, kafin a sami motar kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Ko gawarta ban tarar ba.

A zaman makoki, kwana na biyu, ina cikin mata na nemi yaron na rasa. Lokacin bai fi mako biyu da fara tafiya ba. Na bi tsakar gida ina nema, sai na same shi a ɗakin Inna, ya taka da ƙafarsa ya shiga, yana tsaye ya dafa gadonta yana bubbuga katifar yana gwaranci. Ya yi ƙafa ya zo da kansa kamar yadda ta ce, sai dai babu kowa a ɗakin. Na yi kuka ranar, amma kukan rashin uwa ne kawai. Har lokacin ina ganin abin da na yi kariya ce, dole ce ta sa.

Bayan shekara biyu na haifi ta biyu, mace. Ban gama wanka ba na fara jin ƙaiƙayi a ƙeya, na ce amosani ne. Sai ga ɗan faci a gwiwar hannu, mai duhu, da farin ɓawo a sama. Na gane shi nan take. Kuma Allah ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne, ashe sai da Inna ta shafa mini. Tana cikin kabari ma ban bar ta ta huta ba. Na daina ba jaririyar nono sai na naɗe hannuna da tsumma. Amma da yake wannan karon fatata ce, ban je kemis ba. Cikin mako guda na nemi likitan fata a wani babban asibiti a cikin gari, na bi layi tun safe ban ji kunyar kowa ba.

Likitar mace ce, ta manyanta, Hausarta tsaf. Ta kama hannuna da hannunta haka nan, ko safar hannu ba ta sa ba, ta shafa facin da yatsa. Na janye na ce, "Likita, kada ki ɗauka." Ta yi murmushi ta ce in zauna. Ta faɗi sunan cutar da Turanci, soriyasis, sannan ta ce, "Unguwarku akwai 'yan sintiri?" Na ce akwai.

Ta ce, "To, jikin mutum ma yana da nasa. Wasu fararen ƙwayoyi ne a cikin jini, ido ba ya ganinsu, su ake kira sojojin jiki. Aikinsu in cuta ta shigo su far mata. A wannan ciwon, wani rukuni daga cikinsu ne yake ruɗewa. Sai su taru a fata suna ta kururuwar an kawo hari, alhali babu ɓarawo, 'yan gida suke duka. Ita kuma fata da ta ji kururuwar sai ta shiga gaggawar yin sabuwa. Aikin da take yi a kusan wata guda sai ta yi shi a 'yan kwanaki, sabuwa ta hau kan wadda ba ta gama zubewa ba. Shi ne wannan kaurin da ɓawon da kike gani. Babu wata ƙwayar cuta a ciki da za ta tsallaka jikin wani."

Na ce, "Amma mahaifiyata tana da shi, kuma ta zauna a gidana."

Ta ce, "Ba zaman ba ne. Yakan bi jini a wasu gidajen, kamar yadda ake gadon tsawo ko hasken fata. Tun ranar da aka haife ki kina ɗauke da yiwuwarsa. Baƙin ciki yakan tayar da shi, wahala takan tayar da shi, wasu matan kuma bayan haihuwa yake fito musu. Ba ya warkewa gaba ɗaya, amma akwai maganin da ke kwantar da sojojin nan, mutum ya yi rayuwarsa."

Na ce, "Ko jariri ba ya ɗauka?"

"Ko jariri ɗan yau. Ki rungumi 'yarki, ki cire tsumman nan."

Sai na yi tambayar da nake tsoro. Na ce, "In aka dirje ɓawon da dutse fa, da ruwan magani?"

Fuskarta ta canza. Ta ce, "Wa ya ce ki yi haka? Kada ki kuskura! Duk inda aka ji wa fatar rauni, can sojojin suke rugawa, sai sabon faci ya fito a wurin. Mai dirzawa ƙara wa kansa ciwo yake yi."

Nan na ga Inna a tsugune kusa da tanki, ta ɗago hannu tana cewa ya kusa. Na ji muryata ina cewa ki dage. Ashe sharaɗin da na gindaya mata, in ya warke ki ɗauka, ni ce na ba ta abin da zai hana shi kwanciya. Kukan da ban yi a makoki ba, a ofishin likitar nan na yi shi, har sai da ta tashi ta rufe ƙofa. Ta ɗauka tsoron ciwon ne, tana ta ba ni haƙuri tana cewa ba ya kisa. Na kasa gaya mata cewa ni ma aikin sojojin nan na yi, na tashi tsaro babu ɓarawo, na rufe uwata da duka.

Da na dawo gida na tsaya a shagon maƙwabciyata na ce, "Madam, ashe gaskiyarki ce." Ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta dai kama hannuna mai facin ta riƙe, ta ce, "Allah ya ji ƙan Mama."

Yau ina zaune da ciwon. Ya kwanta ya tashi, in raina ya ɓaci ya fi tashi. Na ga yadda mace take janye zanenta a motar haya in hannuna ya fito, na ga mai ba da canji yana ajiye mini a kan tebur don kada yatsunmu su haɗu. Ba na iya yin fushi da su, da wane bakin? Wanda yake shafa mini magani a ƙeya, inda hannuna ba ya kai wa da kyau, shi ne yaron nan. Yana yi yana ba ni labarin ƙwallo, ko a jikinsa.

Kwanakin baya ina gyaran akwati ya ga majanyin, har yau fari sol, ban taɓa iya goyo da shi ba. Na ce na kakarsa ne, don shi ta sa aka saƙa. Ya juya shi ya ce, "Mama, ta taɓa ɗaukata?"

Na ce, "Ta ɗauke ka da ido."

Ya yi dariya ya ce, "Kai Mama! Ana ɗaukar mutum da ido ne?"

Wata rana sai na gaya masa gaskiyar, domin haƙƙinsa ne ya sani. Abin da na koya, da tsada na koye shi. Tsoro yakan zo wa mutum da rigar kulawa, ya sa ka wulaƙanta naka kana ganin alheri kake yi. Kafin ka ware wa wani kwano ko ka janye masa hannu, je ka tambayi wanda ya sani, tambayar ba ta fi ta yini guda ba. Ni na tambaya, amma sai da ciwon ya zo kan fatata, lokacin kuwa hannun da ya jira kwana arba'in a cikin mayafi ya riga ya shige ƙasa.